Dunƙulallen Hannu

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Tabita ce ta ba ni littafin nan, 'yar Kafanchan ɗin da ke lanƙwasa mana gaɓoɓi a sashen gashin ƙashi. Wai in riƙa rubuta awon jini da lokacin shan magani. Awon jini ba zai cinye shafi tamanin ba. Zan rubuta abin da na ga dama, ba mai dubawa.

Da hagu nake rubutu. Dama can ba wani rubutun kirki gare ni ba. A jikin durom ɗin sinadari na fara gane baƙaƙe, sai ajin yaƙi da jahilci na wata biyar. To ga shi nan dai, yana hawa yana gangara.

Bari in fara da abin da ya faru, kada wata rana a juya maganar. Shekara ashirin da tara ina kan injin kankare fata a Challawa. Wata uku da suka wuce na faɗi a gindinsa da hantsi. Ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, ina ja. Hannu kuwa ya dunƙule ya ƙi buɗewa, kamar na riƙe wani abu da ba na son a gani.

Ina kwance a asibiti kamfani ya aiko da takardar sallama da agogon bango. Labaran ne ya kawo. Labaran da ya zo daga ƙauye bai san inda ake kunna inji ba, ni na kama hannunsa na nuna masa. Yanzu shi ne heluman sashenmu. Ya ajiye takardar a kan gado ya ce, “Malam Mamman, aiko ni aka yi.” Ai na sani. Me ya sa ba a aiko wani ba?

Agogon yana ƙarƙashin gado. Ina jin sa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ƙwallon roba Tabita ta ba ni yau, wai in riƙa matsawa sau hamsin safe da yamma. Ni da jikoki bakwai. Na wurga shi bayan katanga. Matata Aina'u ta yafa mayafi ta je ta roƙo a maƙwabta. Matar nan shekara arba'in ba ta gaji da ɗauko abin da na yar ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na fita ciyayya yau, karo na farko tun da na faɗi. Tun kafin a ja wuta unguwar nan muke haɗa kwanukanmu a ƙofar masallaci bayan magariba, kowane magidanci da abin da aka dafa a gidansa. Mu tara ne, har da Labaran. Na zauna a inda na saba, gindin darbejiya. Aka yi mini ya jiki. Na ce da sauƙi.

Na sa hagu a kwano. Da me zan sa?

Akwai wani baƙo, surukin Liman, ya zo daga garinsu. Bai san ni ba, hannun kuma yana cikin riga. Ya dube ni ya ce, “Baba, da girmanku? Ai Shaiɗan ne ke ci da hagu.”

Ba shi ne ya ƙona mini rai ba. Baƙo ne. Mutum takwas da suka san komai, su ne suka yi shiru. Liman ya buɗe baki yana neman ta inda zai fara don kada ya kunyata surukinsa. Labaran ya tsura wa miya ido kamar ya yar da allura a ciki. Kafin wani ya ce uffan na ajiye lomar, na goge hannu a tabarma, na ja ƙafata.

Na rantse a raina, ba zan sake zama a bakin kwanon nan ba sai da hannun dama. In bai dawo ba, to sun ga zamana na ƙarshe.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Aina'u ta zo da cokali wai ta ba ni a baki. Ban ci komai ba yau.

Asabar, 4 ga Mayu

Samson ya zo. Bakaniken injunanmu ne a da, mutumin Pankshin, ya yi ritaya bara. Shi kaɗai ne daga kamfani yake zuwa ba tare da an aiko shi ba. Ya same ni a tsakar gida ya ce, “Mamman, ka rame kamar fatar da aka manta a rana. Ciwon ne ko taurin kan?” Na ce ya tambayi iyayen gidansa.

Ya zauna a kan tsohon dutsen niƙan Aina'u, sai magana ta zo kan babana. Makoɗi ne a ƙauyenmu bayan Rano. Shi ke fasa dutse ya fitar da na niƙa, in ya yi santsi kuma mata su kira shi ya koɗa. Na bi shi shekara goma ina riƙe masa kaya, har na iya. Injin niƙa ya shigo, aikin ya mutu, na taho Kano na shiga warin fata.

Ina cikin ba shi labari sai abin ya faɗo mini. Na zaro hannun daga riga na ajiye a gwiwa. Na ce, ka ga wannan? Zan sassaƙa shi a dutse, yadda yake ɗin nan, a dunƙule. In kai shi ƙofar kamfani in dasa. Duk wanda zai shiga aiki da safe ya ga abin da ake fita da shi. Takarda ana yagawa. Wannan sai sun kawo mota.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Da wane hannun za ka sassaƙa hannun?” Na ce wannan ba ruwansa, ya nemo mini dutse kawai.

Laraba, 15 ga Mayu

Ya kawo. Baƙin dutse mai ɗigon fari, daga inda ake fasa tsakuwa, ya kai girman tulu. Shi da mai adaidaita sahu suka mirgino shi har gindin bango. Ya yanko mini cizal uku, ƙarafan sassaƙa, daga tsohon sifirin na mota, ya wasa bakinsu.

Sai ga maganar da ya faɗa. Hagu na riƙe guduma, to cizal ɗin fa? Na daɗe ina kallon abin. Daga baya na ce Aina'u ta yanko tsohon tib na keke. Ta cusa cizal a cikin dunƙulen, ta naɗe da robar tam. Hannun da ya ƙi buɗewa ai sai ya yi aikin da ya dace da shi.

Na yi ta bugu har la'asar. Na ɓalle kamar cikin tafi biyu. Sai da na ga jini a dutsen na san guduma ta sami babban yatsa. Ban ji komai ba. Kamar na bugi itace.

Talata, 21 ga Mayu

Tabita ta ga yatsan. “Baba, me kuka yi wa hannuna?” Wai hannunta. Na gaya mata, ina jiran faɗa don in samu dalilin daina zuwa. Ta yi faɗan kaɗan, sannan ta ce in nuna mata yadda ake ɗaurin. Ta ce a riƙa sa tsumma a ƙarƙashin robar, a kwance duk bayan rabin awa, kuma in ci gaba.

Ban so ta yarda ba. Abin ya rage daɗi.

Ta tambayi ƙwallo. Na ce yana nan lafiya.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ashe magana ta zagaya unguwa. Wai Mamman ciwo ya taɓa masa kai, yana sassaƙa gunki, Samson ne ke kawo masa kaya. Mutanen da ba su leƙo sun ga ko ina numfashi ba, ƙarar guduma ta kai kunnensu.

Liman ya yi sallama bayan la'asar. Na ce a shigo da shi ya gani da idonsa. Ya zagaya dutsen sau biyu. Wuyan hannun ya fita, da tudun bayansa.

“Malam Mamman, akwai kai?”

“Babu.”

“Fuska fa?”

“Hannu ne kawai, Allah gafarta Malam. Nawa.”

Ya ce shi dai bai ga abin bauta a nan ba, zai gaya wa masu magana. Sannan ya gyara murya ya ce maganar rannan ta dame shi, mai lalura ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba, in dawo cikin 'yan'uwa in ci da hannun da Allah ya bar mini. Na ce wannan karatun ran Juma'ar nan ya kamata a yi shi, da ƙarfi, a gaban kwano. Yanzu ya huce.

Ya tafi ransa ba daɗi. Nawa ma haka.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Shekara ashirin ni ke feɗe wa rabin layin nan raguna, don ba wanda ya san fata kamar ni. Bana daga ɗaki na ji ana kiran wani mahauci. Na leƙa fatar gidan Liman a kan igiya, huda uku.

Labaran ya zo da cinya guda a leda. Ya tsaya a zaure. Ya hango dutsen ya ce, “Malam, wannan aiki haka?” Na ce na ƙofarku ne, za ka riƙa gaishe shi kullum da safe. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Na ce wa Aina'u a mayar masa da namansa. Ta ce to. Miyar yau dai na ga maiƙo a kanta, ban tambaya ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Guduma ta sake samun babban yatsa. Ya yi zafi. Na zagi dutsen, na zagi Samson da ya kawo shi. Sai da na gama zagin na tsaya.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Kwana tara a kwance, jini ya hau. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, lambatun kamfanoni ya cika ya kawo mana warinsa har ɗaka. Sun sallame ni amma warin bai sallame ni ba.

Yau na koma asibiti. Zakariyya ba ya nan. Masaƙi ne daga wani kamfanin yadi a Sharada, irin ciwona gare shi, tare muke zama a benci muna zagin masu kamfani. Shi yana matsa ƙwallonsa ba fashi, har a cikin mota. Tabita ta ce ranar Asabar aka kai shi.

To ga mai biyayya nan.

Da na dawo na tarar Aina'u ta rufe dutsen da buhu. Na ce dutse ne, ba gari ba. Ta ce ta sani.

In na bi Zakariyya kafin in gama, za a ce tsohon ya mutu ya bar wani ƙulli a gindin bango, a kafa masa tukunya. Gobe zan tashi ko jiri zai kashe ni.

Laraba, 31 ga Yuli

Wata sabuwa.

Yadda babana ya koya mini, ba a aiki da ka. Zare nake sawa in auna hannun, in ninka uku, in auna a dutse. Yatsu uku na ƙarshe na gama su tun kafin in kwanta, a naɗe cikin tafi, har da farcen da ke nutsewa a nama. Saura manuniya da babban yatsa, na bar musu tudu.

Shekaranjiya na ajiye hannun a gwiwa zan auna, sai zaren ya ƙi zuwa inda na ƙulla alama a watan Mayu. Na sake. Manuniyar ta ɗaga daga tafi, har yatsan Aina'u yana shiga tsakani. Babban ma ya saki.

Wannan wane irin wulaƙanci ne. Wata biyu da rabi ina kwaikwayon abu, ya tashi ya canza zama.

Na yi kwana biyu ban taɓa guduma ba, ina tunani. In na sassaƙa su a dunƙule, na yi abin da ba shi ne a gabana ba. In na sassaƙa yadda suke yanzu, ƙarar da zan kai ta yi rauni, za su ce ai ga shi yana warkewa. Aina'u tana tsince shinkafa ta ce, “Malam, ku sassaƙa abin da kuka gani mana.” Na ce wa ya tambaye ki.

Amma ni ba zan ɗauki ƙarya in kai ƙofar kowa ba. Su ne maƙaryata, ba ni ba. Zan ɗaga yatsan. Kaɗan.

Asabar, 17 ga Agusta

Samson ya zo ya tsaya a kaina ina aiki. Can ya ce, “Ina robar?” Na ce ta tsinke. Ya ce ga ta can a rataye a ƙusa lafiyarta ƙalau. Na ce in ya zo duba roba ne to ya gani, ya kama hanya.

Bugu goma sha ɗaya cizal ke yi kafin ya zame. Shekaranjiya bakwai ne.

Ya ɗauki hoton dutsen da wayarsa ban ba shi izini ba.

Talata, 3 ga Satumba

Sun rufe kamfanin.

Samson ne ya kawo labari. Jiya da safe ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Wai ba wuta, ba kasuwa. Za a kwance injuna a sayar. Kowa an sallame shi, har Labaran. Shi ko agogon bai samu ba.

Na zaci zan ji daɗi. Na zauna ina jira ya zo, bai zo ba.

Sun gudu kafin in gama. Wata huɗu ina fasa dutse saboda ƙofar nan, yanzu in na kai shi wa zai gani? Awaki da mai gadi. Ko a nan ma sai da suka cuce ni.

Na hango Labaran da azahar yana zaune a dakalin gidansa da rigar aiki a jikinsa. Ban san me ya sa ya sa ta ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ban yi niyyar taɓa dutsen ba. Amma babban yatsan saura kaɗan, kuma ba na son abu rabi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Sati guda ke nan ina gwada ci da dama a ɗaki, ƙofa a rufe. Gutsuro tuwon ba shi ne wuya ba. Hanyar daga kwano zuwa baki ce ta yi nisa. Hannun yana rawa, lomar ta faɗi a cinya, ko ta tsaya a gemu. Yau cikin goma, uku sun isa.

Na lura tuwon gidan nan ya ƙara tauri kwanan nan, kuma an daina kuɓewa, kullum kuka. Rigunana ma ana wanke su ba a tambayar yadda miya ta hau kafaɗa. Aikin Aina'u ne, na sani.

Talata, 24 ga Satumba

Na gama ran Asabar. Na goge shi da ɗan dutsen niƙa da ruwa har ya yi sheƙi. Yatsu uku a naɗe, biyu sun ɗaga kamar za su ɗauki wani abu. Ba haka na so shi ba. Ba ya tsoratar da kowa.

Ashe Samson ya kai wa Tabita hoton, cocinsu ɗaya. Yau tana murza mini wuyan hannu ta ce, “Baba, ku ba mu aron hannun nan mu ajiye a baranda inda ake jira.” Na ce ba don ado na yi shi ba. Ta ce ta sani. Ta ce sababbin zuwa ba sa yarda da ita in ta ce yatsa zai motsa, gani suke aikinta ne ta faɗi haka. Amma in suka ji wanda ya fasa wannan da cizal ɗaure a mataccen hannu yana nan yana zuwa ran Talata yana yi mata rashin kunya, wataƙila su yarda.

Na ce Zakariyya fa, ba ya yarda da ke ba? Ta ce, “Ya yarda, Baba. Ba kowa nake samu ba. Shi ya sa nake roƙo.”

Na ce zan yi shawara. Ba zan bayar ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Sun zo sun ɗauka. Yana tare wa Aina'u wajen shanya ne, shi ya sa. Na ce wa Samson aro ne, kuma kada a rubuta sunana a jiki, kada a shafa masa fenti.

Mutum uku ake bukata wajen ɗagawa, mai adaidaita da Samson ba su isa ba. Labaran yana dakalinsa, ba wanda ya kira shi, ya taso ya kama. Ya ce, “Malam, ashe da nauyi haka.” Na ce da ka zaci fa?

Tsakar gidan ya yi fili da yawa.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Aina'u ta zuba tuwo a babban kwanon fita, ta rufe da faifai, ta ajiye a zaure, ta shige ɗaki. Ni ban ce ta yi ba. Barin sa a nan kuma sai kaji su ɓata.

Ba wanda ya zauna a gindin darbejiyar. Ban sani ba ko kullum haka suke bari, ko yau ne kawai. Aka yi mini sannu da fitowa, Liman ya fara wani dogon bayani, na ce a yi bisimilla tuwo na hucewa.

Na zaro hannun daga riga. Lomar farko ta faɗi a kan tabarma. Duk suka kama kallon titi kamar ana wucewa da amarya. Ta biyu ta faɗi a rigata. Ta uku ta isa.

Na ci bakwai. Miyar gidan Liman ba gishiri, kamar kullum. Ba su canza komai ba, hirar ma ita ce dai, tsadar taki da wanda ya mutu.

Labaran ne a damana. Kwanonsa ba nama yau, na gani, kowa ma ya gani. A namu akwai tsoka biyu. Muna cikin ci ya sa yatsa ya juya kwanonmu a hankali, tsokar ta dawo gabana, yana kallon wani wajen.

Na ɗauki ɗaya. Ɗayar na tura masa gefensa da manuniya. Ba wani abu ba ne, haƙorana ne ba sa son nama biyu.